Agogon da Na Saka a Lefe

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk abin da ya faru a cikin littafi zai iya faruwa a ƙauyenmu, saura ƙiris in rasa aure saboda agogon hannu. Yanzu abin ya zama na dariya a gidanmu, shi ya sa nake iya ba ku labarinsa ina kurɓar shayi. A lokacin kuwa ba abin dariya ba ne.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba ka samun ko tafin hannu na ƙasar da ba ta da mai ita. Sana'ata bayan noma ita ce zanen hula. Ni nake zana fure da layi a jikin farin ƙyalle, mata su karɓa su bi da zare. Aiki ne na zama wuri ɗaya, kuma mai zama wuri ɗaya tunani yawa yake yi masa. Ga kuma yayata, wadda kafin ta yi aure take karɓo hayar littattafan soyayya tana ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Duk wanda ta ajiye sai na sace na karanta a bayan rumbu. Da na girma ban daina ba, sai dai na koma karantawa a waya. A cikinsu na koyi cewa namiji na gaske ba ya ba mace irin kyautar da wani ya taɓa ba wata. Jaruman ciki mukullin mota suke miƙawa, ko gidan bene a Abuja. Ni kuwa abin da na mallaka keke ne da biro da hannu mai natsuwa.

Yarinyar da nake so tana unguwar da ke tsallaken gonaki. In gero bai yi tsawo ba, daga bayan gidanmu ana hango kwanon ɗakinsu yana walƙiya da rana. Gwaggonta, yayar mahaifinta, ita ta riƙe ta tun yaye. Gwaggon ɗinkin hula take yi, don haka yarinyar ce ke zuwa karɓar waɗanda na zana. Doguwar maganar da ta fara haɗa mu ƙorafi ce. Ta ce zanena ya cika cunkoso, wai ni da biro nake yawona, su kuma da allura suke bin bayana, idon gwaggonta har ruwa yake yi. Na wuni ranar ina jin kamar kirari aka yi mini. Daga nan abu ya yi ta tafiya har manya suka shiga, aka kai gaisuwar iyaye, aka sa rana bayan kaka.

In na je zance nakan tafi da kalaman da na haddace. In ce mata idanunta kaza, murmushinta kaza. Sai ta saurara har in kai aya, sannan ta tambaye ni ko mun gama maimai a gonarmu ta gabas. Ban taɓa jin haushi ba. Na ɗauka kunya ce, don a littafi ma haka suke yi kafin babi na goma.

Ina da wani abokina tun na firamare, da ya koma Bachirawa ya buɗe ɗan shagon gyaran waya. Mutum ne da hannunsa ba ya zama. A shekarar nan ya kamu da wata sabuwar cuta, ta haɗa agogo. Yakan yi odar kayan ta waya, kowane ya zo da ledarsa: injin daban, gidan da ake saka shi daban, gilashi daban, hannaye daban, maɗauri daban. Sai ya maƙala wani ɗan madubi a ido ɗaya ya duƙufa kamar mai yi wa ƙuda aski. Injinan nasa ba sa cin batir. Akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata a bayansu, da zarar hannun mai agogon ya motsa sai ya juya, juyawar nan ita ke yi masa wani, ta ba shi ƙarfin tafiya. In aka ajiye shi aka manta sai ya yi shiru, in aka ɗaga aka girgiza ya farka ya ci gaba.

Wata rana na kai huluna birni, na biya ta shagonsa don in sha inuwa. A kan teburinsa na ga wasu 'yan faya-fayai a jere cikin takarda mai laushi, kowanne kaɗan ya fi tsohon kwabo faɗi, da ɗan rami a tsakiya. Na tambaya, ya ce fuskokin agogo ne da ba a rubuta musu komai ba. Babu lamba, babu sunan kamfani, babu ko ɗigo, kuma ba sa ƙyalli. Akwai baƙa, akwai ruwan toka, akwai wata mai launin cikin sabuwar ƙwarya. Ita wannan ta ƙarshen na kasa ɗauke ido daga kanta. Hasken ƙofar shagon yana sauka a kanta ya kwanta luf, ba ya dawowa ya soki ido. Ta yi mini kama da gona da sassafe bayan ruwan farko, kafin kowa ya taka.

Na kai hannu zan taɓa, ya buge mini yatsa. Ya ce irin wannan fuska maiƙon yatsa kawai ya isa ya bar mata tabo. Ya ce masu sha'awar abin a wasu ƙasashe suna sayenta ne don su zana abin da ransu ke so, saboda marar ƙyalli tana riƙe fenti, a kan mai sheƙi kuwa zamewa yake yi. Shi bai iya zane ba, lambobin ƙarfe yake manna musu. Yana ta bayani, ni kuwa tuni hankalina ya bar shagon. Ina can a babin ƙarshe na wani littafi da ba a rubuta ba: an buɗe akwatin lefe, mata sun yi tsit, amarya ta ɗauki agogo hawaye na zubo mata.

"Lafiya kake murmushi kai kaɗai?" ya ce.

Na ce ina so ya haɗa mini agogon mata, ni zan zana fuskar.

"Ango, sayi mai ruwan gwal ɗin nan da duwatsu ka huta. Mata a lefe abin da ke ƙyalli suke ɗagawa sama. Wannan cewa za su yi ba a gama shi ba."

Na ce masa bai san soyayya ba. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa yake barcinsa lafiya.

Na daɗe ina tunanin abin da zan zana. Fure ya yi kama da hula. Zuciya da kibiya kowane ɗan acaɓa yana da su a bayan babur. Sunanta kuwa kunya ba za ta bari ta ɗaura ba. Wata yamma ina kan hanyar zuwa zance, damina ta yi tsakiya, gero ya kawo mini kafaɗa, ƙasa na ta ƙamshi, sai na tsaya cak. Ai duk abin da ke tsakanina da ita shi ne wannan, gonakin nan da nake ratsawa, da siririyar hanyar da ƙafata ta haddace. Na ce su zan zana. Gidansu a sama inda sha biyu take zama, namu a ƙasa wurin shida, gonaki a tsakani, hannayen agogo su yi ta wucewa a kansu kamar inuwar gajimare.

Don in ga gonakin daga sama, sai na riƙa hawa wata babbar ɗorawa da ke rabin hanya. Ku hango mini ƙato mai shirin aure a kan reshe, da takarda a cinya. Duk manomin da ya ɗaga kai ya tambaya, sai in ce sabis nake nema. Amma abin da na gani daga can ban taɓa mantawa ba. Ashe ƙasarmu daga sama gida-gida take, kowace gona da shingenta na gamba ko na lalle, kuma koren ma iri-iri ne. Na gyaɗa ya fi duhu, na gero yana kaɗawa, na wake ya kwanta a ƙasa. In iska ta taso sai ka gan ta tun daga gefen Tofa tana shafo kan amfani gona bayan gona, har ta iso ta girgiza reshen da kake kai. Wani lokaci nakan hango ɗigon ja yana motsi a tsakar gidansu, in ce a raina ɗankwalinta ne, in yi ta kallo har wuyana ya ƙage. Sai bayan aure na gane bokitin ɗiban ruwansu ne.

Abokina ya ba ni wasu fuskokin da suka riga suka yi tabo don in koya a kansu. Biro ya ƙi. Fentin da ya sayo ya yi mini kauri. A ƙarshe na koma ga abin da na sani tun makarantar allo, tawadar gawayi da ƙaro, da tsinken gamba da na fiƙe har bakinsa ya kusa zama gashi. Sai ga shi ta zauna a fuskar nan kamar dominta aka yi ta. Da hantsi nake aikin a ƙofar ɗakina. In wanke hannu, in ɗauke numfashi, in ja layi ɗaya, in saki. Na raba fuskar gida-gida yadda gonakin suke. A kowane gida na sa alamar abin da aka shuka: ɗige-ɗige gyaɗa, tsayayyun layuka gero, 'yar ƙugiya wake, ɗan zobe kuma bishiya. Hanyar na ja ta a karkace, ta kauce wa ramin tsakiya, ta keta gidajen nan daga ƙasa har sama. Mahaifiyata takan wuce da ƙwarya a hannu ta leƙo, ta ce da irin wannan natsuwar nake yi wa noman gonarmu da rumbunmu ya fi na kowa.

Da na kai masa, abokina ya daɗe yana kallo ta madubinsa, sannan ya gyaɗa kai, wanda a wurinsa babban yabo ne. Ya so ya fesa wani ruwa mai riƙe zane a kai, muka gwada a wata ta koyo, tawadar ta jiƙe ta bazu. Sai muka bar ta haka, ya ce gilashi zai tsare ta. Ya so kuma ya ɗauki hoto ya saka a shafinsa ko zai sami masu saye. Na hana shi har da rantsuwa. Na ce babu hoto, babu kwafi, abu ɗaya ne a duniya kuma na mutum ɗaya ne. Har takardun da na yi zane a kan ɗorawa sai da na cusa a murhu. Haka wani jarumi ya yi a wani littafi, kuma a can abin ya yi kyau ƙwarai.

Ya dasa fuskar a kan injin, ya hure ƙura da ɗan famfonsa na roba, ya danna hannaye sirara, ya rufe. Bayan agogon ma gilashi ne, ana ganin cikinsa yana bugawa. Na naɗe shi a auduga na sa a 'yar akwatinsa, na tura can ƙasan akwatin sarƙa da 'yan kunne, ban yi wa kowa bayani ba. Ita ma ban gaya mata ba. A littafi ba a gaya wa mace, mamaki ake ba ta.

Ranar kai lefe ana tsakiyar yankan gero. Yayata ce ta ja ragamar matan, ni kuma kamar kowane ango ina gida ina jiran labari. Na yi wanka na sa kaya kamar ni za a baje a duba. Sai ga su sun dawo da wuri, babu guɗa, babu hayaniya. Yayata ta cire mayafi ta zauna a kan turmi, ta yi mini irin kallon da take yi mini tun ina yaro in na fasa abu.

Ta ce da farko komai ya tafi daidai. An baje atamfofi, an yaba leshi, an shinshina turare, ana ɗaga kaya ɗaya-ɗaya ana sa albarka. Sai gwaggon yarinyar ta kai hannu ga 'yar akwatin. Ta buɗe ta ga agogo a tsaye, domin ya kwana biyu a ajiye. Ta ce yau ga ango ya kawo mataccen agogo, mata suka yi dariya. Ta ɗaga shi ta girgiza a kusa da kunne, yadda ake yi wa ashana a ji ko da saura. Sai kuwa ya farka a hannunta. Ta juya bayansa, ta ga wani abu yana lilo a ciki shi kaɗai. Wata ta tambaya ina batirin, yayata da ba ta san komai ba ta ce ita ma yau ta fara ganinsa. Gwaggo ta fita da shi tsakar gida inda rana take, ta ƙura wa fuskar ido. Gida-gida, alamomi a ciki, baƙar tawadar allo. Sai ta ce hatimi ne, irin wanda masu asiri ke zanawa su naɗe a laya.

"Kuma wallahi ni ma da na karɓa na duba, da shi ya yi mini kama," in ji yayata. "Kai wane irin mutum ne?"

Aka mayar da kaya aka rufe akwatuna. Gwaggo ta ce lefe zai zauna a ɗakinta a kulle, ba a karɓa ba, ba a mayar ba, sai an ji ta bakin maza. Agogon kuwa ta naɗe shi a tsumma ta kife masa ƙwarya a bayan ɗaki, ta ce yarinyar ko inuwarsa kada ta gani, don irin wannan ta ido yake kama mutum. Kafin magariba labari ya keta gonakin nan kaf: mai zanen hula ya saka mallaka a lefe. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai duk agogon da ke kasuwannin Kano bai ishe ni ba sai da na ƙirƙiro nawa.

Mahaifin yarinyar mutum ne mai sanyi. Washegari ya aiko in zo bayan la'asar. Na roƙi abokina ya rufe shago ya raka ni, ya taho da kayan aikinsa a jaka, yana ta kirana malamin tsibbu a hanya. Muka zauna a zaure a kan tabarma. Aka kawo ƙwaryar a kife a kan faifai kamar an kama kunama. Gwaggo ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, ta ba mu gefe.

Abokina ya yi bayanin injin tiryan-tiryan, ya cire nasa agogon ya girgiza ya nuna. Sannan ya miƙa wa dattijon madubin ido. Sai da ya sha fama kafin ya maƙala shi. Ya sunkuya yana dubawa, har ina jin bugun agogon daga inda nake zaune. Can sai ya ce, "Wannan ai ɗorawar gonar liman ce." Ya ƙara matsawa. "Ga tawa nan. Amma yaro, ka yanke mini gefen gyaɗa ka ba maƙwabcina. Shekara da shekaru muna wannan magana da shi, kai ka zo ka raba mana gardama a agogo."

Abokina ya tuntsire da dariya. Na gyara zama na fara bayani da wata murya da na daɗe ina tanadi: nan gidanku ne Baba, nan namu, wannan ita ce hanyar da nake bi in zo. Ina ta jin daɗin kaina, ban lura Gwaggo ta juyo ba.

"To ai ka faɗa da bakinka," ta ce. "Ka zana inda take kwana, ka zana gidanku, ka ja igiya tsakani, ka sa abu yana juyawa a kai dare da rana. Sannan a ɗaura mata a hannu, a kan jijiya. In wannan ba kiranye ba ne, mene ne sunansa?"

Gwaggo ta kama ni dumu-dumu. Domin in ka cire tsoro daga maganarta, abin da nake nufi ke nan daidai.

Ba mugunta ce ta sa ta ba. Daga baya na ji tana da wata ƙanwa da aka kai aure nesa, ta daina zuwa gida, ko gaisuwar rasuwa sai in miji ya ce, har ta rasu a can. Dangi sun tafi a kan cewa mallake ta aka yi. Ita kuwa wannan yarinyar a bayan Gwaggo ta girma.

Ta ce abu ɗaya ne zai sa ta buɗe akwatunan nan. Tun da tawadar allo ce, a wanke ta kamar yadda ake wanke rubutu, in shanye a gabanta. In zane ne kawai, na sha gawayi. In kuma da wani abu a ciki, ya koma kan mai shi. Mahaifin ya ce shi zuciyarsa ta natsu, amma yayarsa ce, kuma ita ta sha wahalar yarinyar. Ya ce in je in yi shawara zuwa Juma'a.

Na fito ina jin kaina kamar wanda aka zalunta a tsakiyar littafi. Damina guda na zuba a cikin abin nan. Babu hoto, babu takarda, kuma wadda aka yi dominta ko gani ba ta yi ba. Na bi ta gonakin da aka fara yankewa, kara a kwance ko'ina, ina tsara yadda zan bar garin. In tafi Legas, in yi arziki, in dawo bayan shekaru da gemu da mota, ta hango ni ta fashe da kuka. Har launin motar na zaɓa.

Washegari da hantsi yarinyar ta kira ni da wayar ƙawarta, don Gwaggo ta karɓe tata. Na fara jero mata abin da na shirya, cewa zanen nan zuciyata ce, wanke shi daidai yake da a wanke ni daga duniya. Ta bari na gama. Ina jin akuya tana kuka a bayanta.

"Yanzu ni za ka aura ko agogon?" ta ce.

Na ce ai don ba ta gan shi ba ne, da ta gani da ta gane.

"An ce hanyar gidanmu ka zana ko? Na san ta, ta nan nake zuwa karɓar huluna. Ka zo ka sha don Allah, Gwaggo ko abinci ba ta ci."

Ta kashe, don katin ba nata ba ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka koma zauren. Wannan karon har da mata a bayan ƙofa, ina jin motsin zannuwansu. Abokina bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya buɗe agogon, ya zare hannayen, ya ɗago fuskar da matsefata, ya riƙe ta a tsaye a saman ƙoƙon da Gwaggo ta kawo da kanta. Ya tambaye ni a hankali ko shi zai zuba ruwan. Na ce a'a.

Na yi wa fuskar kallon ƙarshe, sannan na karkata buta. Ruwan ya fara taɓa gidansu, ya gangaro da shi ta gonar mahaifinta. Gyaɗa ta shiga gero, gero ya shiga wake, shingaye suka narke, ɗorawa ta zama baƙin ɗigo ta silale. Duk unguwarsu ta taho ta haɗu da gidanmu a ƙasa, suka yi ɗan jim a bakin ƙarfen, sannan suka ɗiga cikin ƙoƙo tare. Ko a wannan hali sai da zuciyata ta ce, ka gani, ta taho gidanku. Kun dai ji irin ciwon da ke damuna.

Na yi bismilla na kafa kai. Ɗanɗanon gawayi ne da ƙaro, da ɗan ƙarnin ƙarfe. Gwaggo ta karɓi ƙoƙon ta duba, ta ƙara ruwa ta ɗauraye, ta miƙo mini na shanye wannan ma. Ta tsaya tana kallona, ina jin jira take ta ga ko zan faɗi. Da ta ga ina nan zaune sai ta yi ajiyar zuciya, ta goge ido da gefen mayafi.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Ka ci abinci kuwa?"

Kafin in amsa guɗa ta tashi a cikin gida.

Abokina ya busar da fuskar, ya ce ta ɗan dushe amma ta tsira. Ya tambaya ko ya manna mata lambobi, Gwaggo ta ce kada a kuskura a ƙara mata komai. Haka ya mayar da ita wayam. Aka buɗe akwatuna a yammar nan, aka ɗaura aure ranar da aka sa.

Bayan biki ya lafa na ce wa amarya zan sake zanawa, wannan karon da fenti, ba sai Gwaggo ta sani ba. Ta ce a'a, in dai gaya mata inda komai yake. Muka zauna a ƙofar ɗaki da yamma, na ɗauki tsinke ina nuna mata ta saman gilashi. Nan ɗorawa, nan gonar Baba, nan waken wance, nan inda ƙaya ta taɓa soke ni na iso zance ina ɗingishi. Tana tambaya tana gyara mini iyaka. Tun daga ranar ba ta ƙara faɗin lokaci da lamba a gidan nan ba. Sai ta kalli hannunta ta ce gajeren hannun agogon ya shiga gonar Baba, in tashi in yi alwala. Ko ta ce wa yara sai dogon ya kai ɗorawa za a sauke tukunya. Baƙi kan ɗauka wasa take yi, su leƙa su ga fili fetal. Ita ta ce tana ganin komai. Ni na sha ɗaga shi a rana ina karkatawa, ban taɓa ganin ko layi ɗaya ba.

Yanzu wasu daga cikin gonakin an yanka su fuloti, bulo ya hau inda gero yake kaɗawa, hanyar ma ta canja. Yadda suke a daminar nan ya rage a wuri biyu kawai, a idonta da cikina. In na ce ba na jin ciwon zanen nan na yi ƙarya. Wani lokaci ina tsakiyar zana hula sai hannuna ya tuna shi, in tsaya in ajiye biro. Littattafan ma ban daina karantawa ba, sai dai na lura jaruman ciki ba su da gwaggo, shi ya sa komai ke zo musu da sauƙi. Na kuma koyi cewa kafin ka ba mutum mamaki, ka fara tunanin hannun da zai riga shi buɗe akwatin.

Abokina har yau yana haɗa agogunansa. In ya kira ni mu je wani wuri na ce bari in ji ta bakin uwargida, sai ya ce rubutun nan dai bai sake ni ba. Kwanaki Gwaggo ta zo mana wuni, ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya. Ta same ni a bakin rijiya ina ja wa matata ruwa, ita kuwa tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa tana gaya mini randar da zan fara cikawa. Gwaggo ta kalle ni, ta kalle ta, ta gyaɗa kai ta ce ai ta gaya musu tun farko akwai abu a cikin agogon nan.

Ban musa mata ba. Kuma har yau ban nemi makari ba.